Shekarar da Shamuwar Baba Laimonis Ta Makara

Baba Laimonis kakan matata ne. A shekarar da zan ba ku labarinta ban kai ga auren Maruta ba tukuna, an dai tsayar da rana, Asabar ta ƙarshen watan Satumba. Tun daga lokacin ya daina kirana Ingus, ya koma kirana Ɓarawo, wai na zo sace masa jika, har yau kuma bai canza ba.

Na san shi tun kafin in san jikarsa, domin ni ke tuƙa motar da ke bin gidaje tana kwasar madara. Shanunsa biyu ne kacal, aikin minti uku, amma ban taɓa barin ƙofar gidansa cikin ƙasa da rabin awa ba. Zai dafa tagar motar da gwiwar hannu ya fara magana, ni kuwa in kashe inji. A haka na ji tarihinsa, yau kaɗan, gobe kaɗan.

An haife shi shekara uku bayan yaƙin duniya na biyu. Zamanin da gonaki suke hannun hukuma, shi ne mai kula da dawakin ƙauyenmu, shekara ashirin da shida, har aka daina amfani da su. Da aka mayar wa mutane filayen iyayensu, ya karɓi gonar ubansa da ke kusa da kogin Gauja. Rufin gidan ya rufta, rijiyar ta cike, amma tsohon ɗakin hayaƙi yana nan tsaye. Shi ya fara gyarawa kafin ɗakin kwana. Matarsa, Inna Austra, ba ta manta ba. Duk baƙon da ya yaba ginin sai ta ce masa, "Yaba da kyau, ɗana. Saboda shi na yi hunturu guda ina tare yoyo da tukwane."

Ba ya noma mai yawa. Dankali, ciyawar shanu, sai hekta ɗaya na hatsin ot, wanda shi ne abin alfaharinsa. Kowa a yankinmu ya koma busar da hatsi da inji, shi kaɗai ya rage mai jera dammuna a kan sanduna a cikin ɗakin hayaƙi, ya hura wuta a murhun dutse, ya bar hayaƙi yana ratsa su kwana uku. Hatsin yakan fito da wani ƙamshi da ba ka samunsa a kanti. A ganin Baba Laimonis babu cutar da hayaƙi bai kashewa. Ƙwaro, danshi, mura, har ɓacin rai.

Yana da wata ƙa'ida kuma da ya gada daga ubansa. Akwai sheƙar shamuwa a kan dogon turke a bayan ɗakin hayaƙin, kuma ba ya zuba ƙwaya ɗaya ta ot a ƙasa sai ranar da ya ga macen ta kwanta a kan ƙwai. Ya ce tsuntsuwa ba ta da kalanda, saboda haka ba ta yin kuskuren masu kalanda. Shekara talatin yana haka, kuma gaskiya bai taɓa yin asara ba.

Maƙwabcinsa Baba Modris ne, sa'ansa, ajinsu ɗaya a makaranta. Shi tarakta yake tuƙawa tun zamanin hukuma, kuma kafin ya yi shuka sai ya soka ma'aunin zafi a ƙasa. Gonakinsu rami ɗaya ya raba, a bakin ramin nan kuwa suke tsayawa su yi ta yi wa juna tsiya kusan kullum. Idan ɗaya ya kwanta ciwo, ɗayan yakan rasa abin yi.

A gidan Baba Laimonis ba a aurar da mace sai an yi kiselis da hatsin gidan. Ana jiƙa garin ot ya yi kwana uku ya yi tsami, a tace, a dafa har ya yi kauri, a zuba a kwanoni ya daskare, a ci da madara da zuma. Babban namijin gida shi ke ba amarya cokali na farko da hannunsa, sannan sauran jama'a su ci. Haka aka yi wa ƙannensa biyu, haka ya yi wa 'yarsa, uwar Maruta, wadda ta rasu Maruta tana da shekara tara. Ba shi da wata jika mace bayan Maruta. Tun da aka sa rana yake cewa hatsin bana ba na sayarwa ba ne, ba na doki ba ne, na cokali ɗaya ne.

To a watan Afrilun shekarar, namijin shamuwar ya iso shi kaɗai. Ya gyara sheƙa, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon kudu. Mako ya wuce, macen ba ta zo ba. Ƙasa ta bushe daidai shuka, Baba Modris ya fito da taraktarsa. Ina nan tsaye da garwar madara ya rage gudu a bakin ramin ya ɗaga murya.

"Laimonis! Har yanzu uwar ɗakin taka ba ta ba da izini ba?"

"Je ka dai ka auna wa ƙasa zazzaɓi, likita."

"Na auna. Ta ce a shuka."

"Da kai take magana? Shekara saba'in ban ji ta ce maka ko sannu ba."

"Ƙila matar ta sami wani a hanya. Ka duba shi mana, wa zai dawo wa wannan mai dogon wuyan? Kamarku ɗaya!"

Baba Laimonis ya juya masa baya, amma na ga yana danne dariya. Inna Austra ce ta leƙo ta taga ta ce, "Tsoho, tsuntsuwar nan fa ba ta san da bikin jikarka ba."

"Ta sani," in ji shi. "Shi ya sa take zaɓen rana."

Macen ta iso daga baya, ta kwanta ranar goma ga Mayu. Washegari ya yi shuka, kwana goma sha takwas bayan maƙwabcinsa.

Hatsin Baba Modris ya fid da kai ya yi bununi a ƙarshen Yuni, rana tana ƙwallewa, iska tana kaɗawa. Na Baba Laimonis ya fara nasa a mako na biyu na Yuli, a ranar kuma aka fara ruwa. Ba ruwa mai ƙarfi ba ne. Yayyafi ne mai ɗumi, ba iska, da safe hazo ya taso daga kogi ya kwanta a kan gona har hantsi. Kwana tara ana haka. Wanki ya ƙi bushewa a kan igiya, burodi yana yin kore cikin kwana biyu.

Maruta tana aiki ne a ɗakin gwaji na ma'ajiyar hatsi ta ƙungiyar manoma. Ran Lahadi muna cin abincin rana a gidan, ta dubi taga ta ce, "Kaka, ruwan nan bai yi mini ba."

"Ruwa ne a kan hatsi. Me ya fi wannan?"

"Ba a irin wannan lokacin ba. Idan kai ya buɗe yana bununi, ga ɗumi ga danshi, fumfuna takan shiga ta bakin furen. Ƙwaya tana girma, ita tana ciki, tana zuba dafi. Sau da yawa ido ba ya gani."

"Fumfuna!" Ya ajiye cokali yana dariya. "To ɗakin hayaƙin nan na ado ne? Ɓarawo, ka ji abin da za ka aura. Tana tsoron ruwan sama."

Ta ƙara masa miya.

An yi girbi a ƙarshen Agusta, rana ta fito, komai lafiya. Ya jera dammunansa, ya hura wuta da itacen da ya ajiye tun bara, ya yi kwana uku yana shiga yana fita, idanu jajur. Da aka sussuke aka sheƙe, buhu talatin da biyu ya samu, ƙamshi har bakin hanya. Sai ka baza ƙwayar a tafin hannu ka duba da kyau za ka ga wasu sun motse ba nauyi, wasu da ɗan ja-ja a baki. Maruta ta roƙe shi ta ɗebi kaɗan daga buhuna daban-daban.

"Ɗebi," ya ce. "Ki kai wa injinku ya ji ƙamshin abin kirki sau ɗaya a rayuwarsa."

Bayan kwana biyu ta ce in raka ta da la'asar. Ta shigo mota, takarda tana ninke a hannunta. Muka same shi a tsakar gida yana gyaran linzami. Ta tsuguna a gabansa kamar yadda take yi tun tana ƙarama.

"Kaka, ba zai ciwu ba. Dafin ya ninka abin da aka yarda mutum ya ci sau da yawa. Sau biyu na gwada."

"Bayan hayaƙi?"

"Hayaƙinka ya yi aikinsa. Ya busar da shi, ba wata sabuwar fumfuna da za ta kama shi a rumbu. Amma dafin tun a gona ya shiga. Wuta ba ta fid da shi, tafasa ba ta fid da shi, tsami ma haka."

"Ubana ya ci hatsin shekarar ruwa, ya kai tamanin da bakwai."

"Ban san irin ruwan da aka yi masa ba. Na san wanda aka yi mana."

Ya ci gaba da jan zare a fata, bai dube ta ba. "To a fasa kiselis ke nan? Ki fita gidan nan kamar wadda aka tsinto a tasha?"

"Ba a fasa ba. A yi da wani hatsin."

"Na wa?"

Inna Austra da ke bakin ƙofa ta juya kai ta dubi hayin rami, inda rufin rumbun Baba Modris yake ƙyalli. Ya bi idonta da kallo, ya miƙe tsaye.

"Ko a mafarki!"

"Mutum tamanin ne za su zo, Kaka, da yara a cikinsu," in ji Maruta. Ba ta sunkuyar da kai ba. "Idan da wannan aka yi, ba zan buɗe baki ba, kuma ba zan bari a ba kowa ba."

"Takarda ta faɗi nata," ya ce. "Saura Irbe."

Irbe goɗiyarsa ce, fara mai ɗige-ɗige, shekararta goma sha tara. A gidan, mudun farko na sabon hatsi na doki ne, sai ya ci mutane su ci. Ya ce Irbe takan ƙi ruwa idan bokitin ya taɓa sabulu, balle dafi. Maruta ta ce masa kada ya ba ta, ko ta ci ba shaida ba ce. Bai saurara ba. Ya ɗebo mudu ya zuba a komi, muna tsaye. Goɗiyar ta sunsuna, ta hura hanci, ta sa baki ta cinye tas, har da lashe katako.

Kwana uku ban huta ba. Kullum na tsaya da mota sai ya tarye ni da fara'a. "Ɓarawo, ka gaya wa likitar taka mun ƙara mudu biyu jiya. Har harbin iska take yi."

Na ce masa, "Baba, da dai an dakata."

"Kai ma? Ashe tun ba a ɗaura ba an sa maka linzami."

Safiya ta huɗu na iso ban ga garwa a bakin hanya ba. Na yi oda, shiru. Na sauka na zagaya, na same shi a bargar doki. Irbe tana tsaye, kai a ƙasa, yawu yana dalala daga bakinta. Leɓunanta sun kumbura, duk gyambo ƙanana, har cikin dasashi. Hatsi yana cikin komi ba ta taɓa ba. Shi kuwa yana riƙe da tsumma da kwanon ruwan ɗumi, yana goge mata baki a hankali, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Shanu suna ta kuka a ɗaya ɓangaren, ba a tatse su ba.

Bai juyo ba ya ce, "Ta yarda da hannuna ne. Ko me na zuba ci take yi."

Na ce bari in kira likitan dabbobi.

"Kira." Ya matse tsumman. "Shekara hamsin ina tare da dawaki, ban taɓa cutar da ko ɗaya ba. Da hannun nan na zuba mata. Da shi kuma zan riƙe cokalin."

Likitan ya zo ya duba, ya ce a janye hatsin, a ba ta ciyawa mai laushi, cikin mako biyu za ta warke. Haka kuwa aka yi. Amma Baba Laimonis kwana biyu bai fito bakin hanya ba, Inna Austra ke turo garwa a baro. Ta ce mini yana cin abinci, magana ce ba ya yi, ita kuma ba ta san gidan yana da faɗi haka ba. Saura kwana goma sha biyu biki.

Rana ta uku, da na gama zagaye na biyo, na gan shi tsaye sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje gashi.

"Sauko, Ɓarawo. Bikinka ne. Zo ka ga abin da ka jawo mini."

Bai tsallaka ta rami ba. Ta hanya muka bi, muka shiga ta ƙofar gaba kamar baƙi. Baba Modris yana ƙarƙashin taraktarsa, ƙafafu kawai ake gani. Ya jawo jiki ya fito, ya dubi kwat ɗin sama da ƙasa.

"Wa ya mutu?"

"Babu. Wucewa nake yi."

"Hanyar nan a gidana ta ƙare."

"Na sani. Rufinka na zo gani, ya karkace ta gabas."

"Shekara goma yana haka."

"To yaya gwiwar?"

"Tana nan inda ka bar ta jiya. Yaya Irbe?"

Baba Laimonis ya cire hula ya juya ta a hannu. A ƙauyenmu labari ba ya kwana, kowa ya ji. Ya dubi kaji, ya dubi sama. Baba Modris ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar shi ya ɗan dahu.

"Modris," ya ce a ƙarshe, "hatsina ya lalace. Na makara da shuka, ruwa ya kama shi yana bununi. Yarinyar nan za ta yi aure."

Na zaci dariya za ta biyo baya. Baba Modris ya jefar da tsumman ya ce, "Buhu biyu suna bayan ƙofar rumbu tun shekaranjiya. Jikarka da kanta ta gwada nawa ranar da na kai ma'ajiya, lafiyarsa lau. Ina jira ne in ga ko sai na jefo maka su ta kan rami, tsohon banza." Ya rage murya. "Ka saurara. Babu wanda ya san daga ina za ka samo. Ka ce ragowar na bara ne. Ni ba zan faɗa ba, wannan yaron kuma dama ba ya magana."

Baba Laimonis ya mai da hularsa, ya ce mini in ɗauki ɗaya, shi ya saɓa ɗaya a kan kwat ɗin coci.

Inna Austra ta niƙa, ta jiƙa, ta tace. Baba Laimonis bai leƙa kicin ba ko sau ɗaya. Nasa buhunan kuwa shi da kansa ya loda su aka kai inda ƙungiya take tara lalataccen hatsi, bai bar ko mudu ba.

Ranar biki, bayan an dawo daga coci, aka jera tebura a tsakar gida ƙarƙashin itatuwan tuffa. Aka fito da kwanonin kiselis, da tulunan madara, da zuma. Kafin a fara, Goggo Velta, ƙanwar Baba Laimonis da ta zo daga birni ba ta san komai ba, ta sunkuya ta sunsuna kwano ta ɗaga murya.

"Kai, jama'a! A duk ƙasar nan babu hatsi irin na yayana. Daga gani ka san na gidanmu ne!"

Wasu suka tafa. Waɗanda suka sani suka dubi faranti. Baba Modris ya duƙufa yana neman wani abu a aljihu.

Baba Laimonis ya miƙe, cokali a hannu. "Velta, hancinki ya tsufa," ya ce. "Ba nawa ba ne. Nawa ya yi dafi. Na tsaya jiran tsuntsuwa, ruwa ya cim mini. Jikata ta gaya mini na ƙi ji, har na kusa kashe goɗiyata. Wannan da kuke gani na wancan mutumin ne, mai auna wa ƙasa zazzaɓi. Duk wanda ya ji daɗi ya gode masa. Wanda bai ji ba, shi ma ga shi can."

Sai Baba Modris ya ce daga inda yake zaune, "Fasto, don Allah ka shaida. Shekara saba'in nake jiran wannan."

Wuri ya kaure da dariya, har Inna Austra tana share ido da gefen gyale. Baba Laimonis bai yi dariya ba. Ya ɗebo kiselis, ya tsoma a madara, ya ɗiga zuma, ya zagayo teburin ya tsaya gaban Maruta. Ina kusa da ita, shi ya sa na ji abin da ya ce mata, don a hankali ya faɗa.

"Buɗe baki, 'yar nan. Wannan ba zai cuce ki ba."

Ta buɗe, ya ba ta.